Kada ka biya kuɗin gidan nan sai an duba inda ruwa yake bi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya baƙunta, ya sabon wurin aiki? Mu nan sai godiyar Allah. Iyalinka da yara duk kalau, takwarana ma tarin ya sake shi tun shekaranjiya.

Na zaɓi in rubuto ne don na san in na kira ka a waya "to Baba, to Baba" za ka yi ta cewa, kana ajiyewa ka aikata abin da ka riga ka ƙudurta. Mahaifiyarka ce ta gaya mini, ita ma a bakin yayarka ta ji, wai ka samu gida ɗaki uku da falo a wajen Lugbe, can ƙasan layi kusa da wani rafi, kuɗinsa kusan rabin na sauran gidajen rukunin, kuma dillali ya tsaya maka a wuya sai ka biya kafin ƙarshen wata. Ban ji daɗin yadda zancen ya zagayo kafin ya same ni ba, amma mu ajiye wannan.

Ta fuskar hanya ban ga laifin Lugbe ba. Manyan hanyoyin shiga tsakiyar Abuja uku ne: ta filin jirgin sama wadda Lugbe take kanta, ta Kubwa wadda ta taso daga Zuba, sai ta Nyanya da Mararaba. Ta ukun nan ita ce mai cin rai, arahar haya a Mararaba da Masaka a cunkoso ake biyan ta. Tunda ofishinku yana kusa da Sakatariyar Tarayya, duk unguwar da ka yi sha'awa ka kwana kusa da ita daren Lahadi, ka fito Litinin ƙarfe shida da rabi ka ga minti nawa za ka yi, ka sake gwadawa da yamma bayan an tashi aiki. Nisan da dillali ya nuna maka ranar Asabar da hantsi ba shi ne za ka riƙa yi ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne rafin nan.

Yanzu Janairu muke. Duk rafin da ka gani a wannan lokaci kamar zare yake, yaro ma ya tsallake shi. Daminar Abuja ba irin tamu ta Kano ba ce, tun Afrilu take sauka, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma gari ne na duwatsu da gangare. Ruwan da ya zuba kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake gaba ɗaya ya nemi kwari. Masu gina rukunin gidaje kuma sai su cike bakin rafi da ƙasa don su ƙara fuloti biyu ko uku, su matse hanyar ruwa, su sa kwalbati ƙarami inda gada ta kamata. Ranar da aka yi ruwan awa uku, leda da yashi suka toshe bakin kwalbatin, ruwan baya yake komawa, kuma gidan da ya fi kowane ƙasa shi yake fara shiga. Haka aka sha yi a Lokogoma. A Lugben nan ma, watan Yunin 2023 ruwa ya shanye gidaje da motoci a wani rukuni, kowa ya gani a labarai. Ba ina cewa duk Lugbe haka take ba, akwai tudu akwai kwari. Layi ɗaya ma sai ka ga samansa lafiya, ƙasansa kowace shekara ana kwashe katifu.

Ga abin da za ka duba, kuma da ƙafarka za ka je, ba tare da dillali ba. Ka tsaya a bakin get ka kalli titi. In titin yana gangarowa zuwa gidan, ko daɓen tsakar gida ya yi daidai da titi, wannan kaɗai ya isa. Daɓen ɗaki ya kamata ya ɗara titi da aƙalla bulo biyu, wajen santimita 45 ke nan. Sannan ka zagaya bayan katanga ta waje, inda ba a damu da yi wa fenti ba. Ruwan da ya taɓa kwanciya yana barin layin laka a miƙe kamar an ja da igiya. A cikin ɗakuna ka duba ƙasan bango: in fentin daga ƙasa zuwa gwiwa ya fi na sama sabunta, ko filasta ta kumbura tana fitar da farin gari kamar kanwa, ka ƙwanƙwasa da makulli, za ka ji ta fanko. Ƙasan ƙofofin katako yakan buɗe ya yi baƙi, ƙasan get yakan ci tsatsa ya huje. In ka ga wani ɓangaren katanga bulonsa sabo ne alhali sauran tsoho, ka tambayi me ya kayar da ita. In ka ga an gina 'yar katanga a bakin ƙofar falo sai an ɗaga ƙafa a shiga, ko an mayar da soket sama kusa da ƙirji, ko maƙwabta sun ɗora janareta kan dakali mai tsawo, to mutanen wurin sun riga sun ba ka amsa ba tare da sun buɗe baki ba.

Daga nan ka gangara rafin. Ka ɗaga kai ka dubi rassan bishiyoyi da ciyayin gefe. Ledoji da tsummokaran da suka maƙale a sama, nan ruwa ya kai a daminar da ta wuce. Ka auna tsayinsu da ido ka kwatanta da daɓen gidan. Ka leƙa kwalbatin, in yashi ya cinye rabinsa tun yanzu, babu mai kwashe shi kafin Afrilu. Ka sa a ɗaga murfin sokawe. In ruwa ya kusa baki a tsakiyar rani, da damina bayan gida dawowa zai riƙa yi ta cikin banɗaki. Ka auna tsakanin sokawen da rijiyar burtsatse da taku, ina son mita 30, in ya gaza haka sosai a ƙasa mai jiƙa, ruwan shan yaranka da na masai za su gauraya, daga nan sai taifot da amai da gudawa.

Mutanen tambaya kuwa su ne mai shayin bakin layi, da mai wanki da guga, da 'yan ga-ruwa, da ladan. Kada ka ce "ruwa yana shiga nan?", za su ji nauyin mai gida su ce a'a. Ka ce "bara a watan Agusta ina ruwa ya tsaya?" Sai ka ga mutum ya nuna maka da hannu. Ka kuma tambayi mutum nawa suka zauna a gidan cikin shekara uku. Gidan da kowane ɗan haya shekara ɗaya yake yi ya tashi, akwai abin da yake korar su.

Ko gidan ya tsira, ka duba hanyar shigarsa. In kwalbati ɗaya tak ake hawa a shiga layin, ranar da ruwa ya hau kansa an rufe ku ciki, ko an rufe ku waje. Ruwa mai gudu da bai wuce ƙwauri ba yana kayar da babban mutum, wanda ya kai gwiwa yana tafiya da mota. To ina ga yaro ɗan shekara shida da allonsa, an taso su daga Islamiyya hadari ya haɗo? Ka san takwarana, ko kwatar ƙofar gida ya gani sai ya sa ƙafa. Kuma aikinka na tafiye-tafiye ne. Ka zauna ka ƙiyasta: ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, kana Legas ko Fatakwal, yarinyar nan ita kaɗai da goyo a baya, biyu suna barci a katifa a ƙasa, ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ba ta san kowa a layin ba. Wa za ta fara ɗauka? Ba sai na tuna maka daminar da muka yi zaman makoki a gidan gwaggonka ba, kana da wayo lokacin, kai ka riƙa kai wa mutane buta.

Abin da ya ɓata mini rai, ka san duk wannan. A gidan magini ka tashi. Amma kai tun kana yaro in abu ya yi araha idonka rufewa yake, maganar motar nan har yau ban ce maka komai ba. Mai gida a Abuja ba ya yafe rabin kuɗin haya don Allah ya haɗa jininku. Araha ba ta ado. 'Yar mutane aka ba ka amana, iyayenta ni suka sani, ni za su kalla. Kun sha cewa na cika tsanani, ku da yayarka, har da mahaifiyarku wani lokaci. Na ji. Tsananin nan dai shi ya sa har kuka girma ba ku taɓa kwana kuna kwarfar ruwa daga ɗaki ba.

Na san kuma ba son banza ya kai ka ba. Na san albashinka, na san hayar garin nan ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali kashi 10 cikin ɗari, ga na lauya, ga kuɗin ajiya na ɓarna, ga kuɗin hidimar rukuni na gadi da shara. Kana son ka sauke iyalinka a wuri mai yalwa, ba laifi ba ne. Amma ɗaki biyu a tudu ya fiye mini uku a kwari. Ragowar kuɗin filin nan yana nan inda ka sani, in cikon da ake nema bai fi ƙarfinsa ba, ka ɗauka, ba bashi ba ne.

In za ka sake nema, a Lugben ko Kubwa ko Dutse ko Karu, ka fara da maƙwabta kafin ɗakuna. Ka je bayan La'asar ka ga ko yara suna wasa a layi, ko mata suna shiga gidajen juna. Ka koma bayan Isha'i ka ƙirga tagogin da ke da haske. Rukunin da gida arba'in ne amma goma ke da mutane, sauran kangaye, ba wurin ajiye mace da yara ba ne, komai kyan fentinsa. Kada ka karɓi gidan ƙarshe da ya jingina da daji ko gindin dutse, ka tuna satar mutanen da aka yi ta yi a yankin Bwari farkon 2024, unguwannin gefe abin ya fi shafa. Ka yi sallar Magariba da Asuba a masallacin layin, yawan sahun Asuba zai gaya maka ko mazauna ne ko masu wucewa. Garin na kowa ne, za ka zauna da Gwari masu ƙasar, da Ibo da Yarbawa da Tibi, Musulmi da Kirista. Ranar da kuka tare ka bi su gida-gida ka gaisa, ka karɓi lambar mutum uku ka ba iyalinka.

Makaranta da Islamiyya su kasance inda yaro zai je ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Titunan Kubwa da na filin jirgi ba irin namu ba ne, mota ba ta rage gudu, gadojin masu tafiya a ƙasa kuma suna da nisa da juna. Asibiti ka auna shi da dare, ka san wanda yake karɓar haihuwa da yara awa ashirin da huɗu. Kubwa da Nyanya da Kuje duk suna da babban asibitin gwamnati, ka san minti nawa ne daga ƙofarka, ka kuma san wa zai kai su in ba ka nan.

Ruwan famfo daga madatsar Usuma yake zuwa, kuma bai kai kowace unguwa ba. Ka buɗe famfo da hannunka, ka tambayi wa yake sayen man tayar da ruwa in babu wuta. Ku biyar, in kowa ya ci lita 50 a yini, lita 250 ke nan, jarka goma ta lita 25 kullum. Ka tambayi kuɗin kura ɗaya ka ninka da talatin kafin ka ce gida ya yi araha. Wuta kuma ka nemi mita mai kati ta gidanka kai kaɗai, a duba babu tsohon bashi a kanta. Ka tambayi rukunin wutar da kamfanin lantarki ya sa layin: tun Afrilun 2024 'yan rukunin A, da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, suna biyan sama da naira 200 kowane yunit, ninkin na sauran ba sau ɗaya ba.

Kada ka ba dillali kuɗin haya a hannu. Ka ga mai gidan ido da ido, ko lauyansa da takardar wakilci, ka biya ta banki da sunan da ke kan takardar mallaka, a ba ka rasit da yarjejeniya a rubuce, a sa wa zai gyara rufi da sokawe da injin ruwa. Mai hayar shekara notis ɗin wata shida doka ta ba shi in ba a rubuta wani abu daban ba, don haka ka karanta kafin ka sa hannu. In ka ga jan fenti na hukuma a katangar gidan ko ta maƙwabta, ko gidan yana ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ka wuce. Rusau a Abuja ba sabon abu ba ne, gidajen da aka gina kan hanyar ruwa kuma suna cikin waɗanda ake fara shafa wa jan fentin.

Na yi magana da kawunka na Suleja, ya ce Asabar mai zuwa yana da sarari, zai zo ku je tare. Ka ɗauko mini hoto huɗu ka turo ta wayar ƙanwarka: bayan katanga, bakin kwalbati, cikin sokawe, da titi daga bakin get. In dillalin ya ce ba zai jira Asabar ba, ka bar masa gidansa. Yara kuma ba inda za su sai sun gama zangon karatun nan, ɗakinsu yana nan, ba su takura wa kowa ba. Mahaifiyarka ma cewa take a bar mata su har bayan Sallah.

Tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko kana samun abincin kirki. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka. Ka kira ni daren Asabar bayan kun dawo.

Mahaifinka.