Kunnen kwikwiyo ba ya nuna asalinsa

Malam Edita,

Ina neman ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da masu sayen kwikwiyo, musamman masu neman karen Jamus da ake kira German Shepherd. Shekarata 11 ina kiwon karnuka, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda mutane ke yanke hukunci kan asalin kwikwiyo da kallon kunne da girman dagi kawai.

Kwanakin baya wani abokina ya kawo mini nasa ɗan wata huɗu, ransa a ɓace, wai an cuce shi. Kunnen dama a tsaye, na hagu ya lanƙwashe ya kwanta a goshi. Da na buɗe bakinsa sai ga dasashi ya yi ja, ga giɓi biyu a gaba. Famfara yake yi. Haƙoran yarinta 28 ne ke zubewa, na girma 42 su fito, kuma a wannan tsakani kunnen da ya riga ya miƙe yakan sake faɗuwa. Na ce masa ya yi haƙuri zuwa wata shida ko bakwai. Yanzu kunnuwan duka biyu a tsaye suke cak, amma na gaya masa ko wannan ɗin ba hujja ba ce, domin akwai karnuka ruwa biyu masu tsayayyen kunne.

Launi ma haka yake. Kwikwiyo yakan buɗe ido bayan kwana 10 zuwa 14, idon da shuɗi-shuɗi, daga baya ya rikiɗe. Ɗan karen Jamus yawanci baƙi ake haifarsa kusan gaba ɗaya, sai yana girma jan ƙafafu da na fuska ke bayyana sosai. Kare mai ɗigo-ɗigo da ake kira Dalmatian kuwa fari fat yake zuwa duniya, ɗigon baƙin sai bayan kamar mako biyu.

Abin da ya fi koya mini darasi a gidana ya faru. Karyata ta haifi 'ya'ya bakwai bayan na haɗa ta da namiji mai takardar rajista. A mako shida babu wanda zai iya bambance su, har ni da nake ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kowace safiya. Da suka kai wata biyar sai biyu suka tsaya gajeru, baki siriri, jela ta nannaɗe a gadon baya. Ashe a lokacin barbara ta taɓa kuɓuce mini na rabin yini. Likitan dabbobi ya tabbatar mini cewa karya tana iya ɗaukar ciki ɗaya na uba biyu. Na kira waɗanda suka karɓi biyun na faɗa musu gaskiya.

Su waɗanda suka kafa waɗannan jinsuna ma ba da ido suka dogara ba, da rubutu ne. An kafa ƙungiyar Kennel Club a Ingila a 1873 domin ajiye tarihin tsatson karnuka. A Jamus kuma, Max von Stephanitz ya buɗe rajistar karen Jamus a 1899, karensa Horand ne lamba ta ɗaya. Siffa tana iya nuna maka cewa kare ba tsantsa ba ne, amma ba ta isa ta tabbatar da tsantsarsa ba.

Don haka ina roƙon mai saye ya nemi ganin uwar da idonsa, tana shayar da 'ya'yan, ya tambayi uban, ya duba takardar rajista. In shakka ta rage, akwai gwajin ƙwayoyin halitta da ake yi da ɗan yawun da aka goga daga cikin kumatun kare.

Abin da ke ci mini rai shi ne makomar waɗanda suka girma ba su yi kama da abin da aka zata ba. Na ga wanda aka ɗaure a rana aka daina kula da shi saboda jelarsa ta nannaɗe. Ɗaya daga cikin biyun nan nawa an dawo mini da shi, yana nan a hannuna shekara shida ke nan, kuma shi ne farkon mai jin motsi a ƙofa da dare.

Naka,
Mai kiwon karnuka