Zuwa ga kamfanin da ya sayar min da laftof waifai ba ya aiki: tura ta kai bango

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe manajan sashen kula da kwastomomi, ko ma wane ne Allah Ya sa zai karanta wannan a ofishinku.

Wallahi ban so a kai ga haka ba. Imel huɗu na aiko muku, layinku kuwa na kira har na haddace waƙar da kuke sa wa mutum kafin a ɗauka, na je wajen wakilinku da ƙafata sau biyu cikin ranar Kano, duk amsa ɗaya ce, shi ya sa na fito da maganar fili kowa ya gani. Ba zan kama sunanku ba, kun san kanku, lambar rasit ɗina tana cikin imel na farko.

Ni malami ne a wata 'yar cibiyar koyar da kwamfuta, yara da matasa nake koya wa Python da yamma. Adashe na yi na wata takwas na kwashi kuɗin na sayi laftof ɗinku sabuwa dal a kwali, ba 'yar gwanjo ba, don na gaji da wadda batirinta ba ya kai sallar la'asar. Kuma ku lura da wannan don a nan maganar take: a jikin kwalin, da rubutunku ba nawa ba, an sa FreeDOS. Wato babu Windows a ciki. Kun cire kuɗin lasisi don ta yi araha, ka kunna ta ba abin da za ka gani sai baƙin allo da wani ɗan ɗigo yana ƙifta ido. To mutumin da aka miƙa wa fanko me ake so ya zuba a ciki? Ko dai ya je ya sayi lasisin Windows da kuɗin da ba shi da su, ko ya bari yaron shago ya ɗura masa na sata, ko ya saka Linux wanda halal ne kuma kyauta. Ni na ukun na zaɓa, dama da shi nake koyarwa, kuma na'ura mai RAM 4GB in ka ɗora mata Windows 11 ai sai ka ji tausayinta, 4GB ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da yake karɓa, numfashi kawai take yi.

Na saka Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, daga filas, komai lafiya lau, allo ya yi, sauti ya yi, kyamara ta yi, har maɓallan ƙara haske suna aiki, na ce alhamdulillahi. Na kai hannu kusurwar sama in haɗa da waifai ɗin cibiya, wayam. Ba wai sabis ne babu ƙarfi ba, alamar ma gabaɗaya babu ita, na shiga saiti yana ce min bai ga katin waifai a na'urar ba kwata-kwata, sai ka ce ba a taɓa sa mata ba.

Na farko na zaci maɓallin jirgi ne na danne, na duba da rfkill ba abin da aka toshe. Na buɗe Terminal na buga lspci -nnk, ga katin nan ɓaro-ɓaro a jerin, da lambobinsa, amma layin da ya kamata ya nuna direban da ke tuƙa shi, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya yi aiki, babu shi. Ga mota ga mai, ba direba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wani ɗalibina yana da irin laftof ɗin nan sak, samfuri ɗaya lamba ɗaya, har launi ɗaya, shi da ya saka Ubuntu a take waifai ya kama. Muka jera su a tebur muka buga umarnin nan tare, ashe tasa katin Intel ne a ciki, tawa kuma na wani kamfani ne daban. Kwali iri ɗaya, kuɗi ɗaya, kayan ciki daban, kuma babu inda kuka rubuta, ba a kwali ba, ba a shafinku ba, abin da kuka sa kawai wai Wi-Fi 6 da Bluetooth. Tsakani da Allah wannan ba cinikin biri a sama ba ne? Da kun rubuta sunan katin ai da minti biyu ya ishe ni in bincika kafin in zaro kuɗina.

To yanzu ga inda abin dariya yake, in da ba ni abin ya sama ba. Kafin ka samo direba sai kana da intanet, kafin ka samu intanet sai kana da direba, an kulle ɗaki an bar makullin a ciki. Laftof ɗin kuma don a ce siririya ce kun cire mata ramin kebur na intanet. Haka na ɗauko wayata na jona da kebur ɗin caji na kunna raba data ta USB, ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta, ina zaune a tabarma a tsakar gida don a nan ne sabis yake ɗan leƙowa, wayar a kan gwiwata ta yi zafi kamar an ciro ta daga kasko, sauro na ta aikinsa, ina kallon data na zurarewa, datar da tun farkon 2025 da hukumar sadarwa NCC ta amince a ƙara har kashi 50 cikin ɗari muke lallaɓa ta kamar man girki. Uwargida ta leƙo ta ce, malam wai sabuwar ce ko tsohuwar kake gyarawa? Ban iya ba ta amsa ba.

Na shiga shafinku sashen direbobi, duk na Windows ne, ko ɗaya babu na Linux. A ƙarshe wani bawan Allah da ban san shi ba, ba ma'aikacinku ba ne, ba ku biya shi ko kwabo ba, shi ya ajiye wani direba a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, na sauko da shi, na sauko da kayan haɗawa, na haɗa shi da DKMS, manhajar da ke haɗa irin wannan direba. Na sake kunnawa, shiru. Sai da na karanta dmesg, rahoton da na'urar ke rubutawa, na gane ashe Secure Boot, tsarin tsaron kunna na'ura, shi ne ya ƙi yarda da shi don ba shi da sa hannu. Aka koma wani sabon karatu, sai ka ƙirƙiri makulli, ka sa masa kalmar sirri, ka sake kunna na'ura, wani shuɗin allo ya fito ya ba ka daƙiƙa 10 kacal ka danna maɓalli, ni kuwa na juya ina korar sauro ya wuce, sai da na maimaita daga farko. A karo na biyu na tsare shi da ido kamar mai jiran ganin wata, na shigar da kalmar sirrin, wadda ko tauraro ba ya nunawa kana bugawa, sannan alamar waifai ta fito wajen ƙarfe uku. Ni da nake koyar da abin nan kenan. Ku ɗauka ɗan aji ɗaya ne a jami'a da babansa ya sayar da rago ya saya masa, ya zai yi?

Kuma kar ku zaci an gama. In na rufe murfin na je sallah na dawo, waifai ya tafi sai na kashe na kunna. Na samo dabara a wajen masu irin matsalata, a ƙara pcie_aspm=off a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ya ɗan lafa, amma wannan kashe tsarin tsimin wuta ne, batirin da na sayi na'urar dominsa ya koma zuba, an gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago. Sannan da afdet ya zo kanel, wato zuciyar Linux, ya tashi daga 6.8 zuwa 6.11, direban ya ƙi haɗuwa sam, rannan ina gaban yara goma sha biyu zan nuna musu yadda ake sauko da wani abu, allo a bango kowa na kallo, babu waifai. Wani ƙaramin cikinsu ya ce malam ko a ara maka tawa. Haba jama'a.

Bari in yi muku bayanin abin da na tabbata injiniyoyinku sun fi ni sani. Direban da ke waje da kanel na Linux dole a sake haɗa shi duk sanda kanel ya canza, in an taɓa wani abu a ciki sai ya karye, sai mai shi ya samu lokaci ya gyara, in ya gaji ya bari shikenan kun shiga uku. Wanda aka shigar cikin kanel ɗin kansa kuwa tare ake tafiya da shi, duk wanda ya canza abu shi zai gyara. Shi ya sa katin ɗalibina bai ba shi wahala ba, direban Intel mai suna iwlwifi yana ciki tuntuni, katin Intel AX200 tun 2019 kanel 5.1 ya san da zamansa. Ba tsafi ba ne, ba kuma wai Linux ne mai wuyar sha'ani ba, masu katin ne suka yi aikinsu suka miƙa. Ku da kuke sayen katin nan tuli-tuli, in kuka ce wa mai kawo muku ba za mu karɓa ba sai direbansa ya shiga kanel, wallahi kafin wata ya mutu zai nemo injiniya.

Da na kira ku, yaron da ya ɗauka, kuma ba na ganin laifinsa abin da aka rubuta masa yake karantawa, cewa ya yi in danna Start in shiga Device Manager. Na ce ɗan'uwa ba Windows nake amfani da shi ba, Linux ne. Ya yi shiru ya ce wane? Na ce wanda ke cikin wayar Android ɗin da ke aljihunka, shi ne dai tun 1991 da Linus Torvalds ya fara shi. Ya je ya tambayo ya dawo ya ce ba ma tallafa wa wannan, sai dai ka saka Windows. Na ce to ku da kuka sayar min ba Windows fa? Ya ce zai tura ƙorafina gaba. Gaban nan har yau ba a iso ba.

Na haƙura na ce bari in kashe kuɗina in huta. Na je Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta, na samo katin AX200, na kai wa wani mai gyara da na yarda da shi, ya kwance bayan a gabana, ga katin nan ɗan mitsitsi bai fi kan sarki ba, milimita 22 da 30, noti ɗaya ne ya riƙe shi, da wayoyin eriya biyu sirara baƙa da fara, ya ɓalle su da farce a hankali ya sa sabon, aikin da bai kai minti goma ba. Muka kunna. Ko Ubuntu ba ta kai ba, BIOS ɗinku, manhajar da ke fara tashi in an kunna na'ura, ya tsaya cak ya rubuto wai an saka katin da ba a amince da shi ba, a cire a sake kunnawa. Mai gyaran ya kalle ni ya yi dariya ya ce alhaji ai waɗannan sun sa mata takunkumi, sai katin gidansu. Muka mayar da tsohon muna ji muna gani. Wato kun ba ni katin da ba ya aiki, kun ƙi ba ni direba, sannan kun kulle ƙofa kar in sa wanda ke aiki, a na'urar da na biya kuɗinta cas ba bashi ba. Wannan kam ba sakaci ba ne, zama aka yi aka tsara.

Har na duba ko akwai sabon BIOS da ya cire takunkumin, na ga akwai afdet a shafinku, amma fayil ne na .exe, sai da Windows zai buɗu. Laftof ɗin da ta fito daga masana'antarku ba Windows, gyaran BIOS ɗinta sai da Windows. Alhali ga LVFS nan, inda kamfanoni ke ajiye irin wannan afdet masu Linux su sauke da fwupd cikin sauƙi, wasu takwarorinku sun daɗe a ciki, na buga fwupdmgr ko sunan na'urarku bai kawo min da afdet ba.

Yanzu da wani ɗan dongul, katin waifai na waje da ake soka wa ramin USB, nake lallaɓawa, ya toshe min rami ɗaya cikin biyun da kuka bari, in zan sa filas sai in cire linzami, ga shi ya turo kai waje kullum ina tsoron ya karye a jaka, kuma 2.4GHz kawai yake kamawa, Wi-Fi 6 ɗin da na biya sai dai in karanta shi a kwali.

Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ba kyauta na roƙa ba, ba kuma cewa na yi ku koyi Linux dare ɗaya ba. Ni dai ko ku canza min katin da irin na ɗalibina tunda shi ma a na'urarku ya zo, ga garanti bai ƙare ba, ko ku fitar da BIOS da zai bar ni in sa wanda na riga na saya yana nan a leda cikin durowa, ko ku karɓi kayanku ku ba ni kuɗina. Sannan don Allah don Annabi ku riƙa rubuta sunan katin waifai a jikin kwali, layi ɗaya ne fa. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 mutane ke zuwa cibiyarmu suna tambaya a sa musu Linux Mint ko Ubuntu, masu sayen sabuwa kuma ni suke tambaya wacce za su ɗauka, mutum uku na riga na ce musu su dakata da taku, kuma zan ci gaba da faɗa har sai na ga canji.

Na ba ku daga yau zuwa ƙarshen wata. In ban ji daga gare ku ba zan kai takarda FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, da rasit da katin garanti da hoton kwalin inda aka rubuta FreeDOS da hoton allon BIOS ɗin da mai gyara ya ɗaukar min. In za ku kira ku kira bayan magariba, da yamma ina aji, kuma don Allah a haɗa ni da wanda ba zai ce in danna Start ba.

Naku,
Wani malamin kwamfuta daga Kano