Wasiƙa daga Agege

Assalamu alaikum Bala,

Ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Na ga saƙonka tun Juma'a, wallahi ba share ka na yi ba, data ce yanzu sai da lissafi nake kunna ta. Ka ce za ka ɗoro mashin ɗinka a tirela ka taho Legas acaɓa. Mutumina dakata tukuna. Tun watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da Island da wasu wuraren, in suka kama mashin kuma niƙe shi ake yi, yaran layinmu nawa suka koma gida daga su sai kayan jikinsu.

Mu ma da muke nan lallaɓawa kawai muke. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haura 1,000, dala kuma daga wajen 460 ta tsallake 1,500, ka ga zare da shadda da allura duk sun bi ta. Janareton shago na daina tayarwa sai aikin gaggawa, na sauko da tsohon keken ɗinki na ƙafar nan na Baba na sa masa mai, in an ɗauke wuta shi nake takawa. Ɗinkin ma yanzu gyara ya fi yawa, mutum ya zo da wandon shekara uku ya ce a rage masa ƙugu, kuma ka san ba motsa jiki ne ya rage shi ba.

Abin da ke riƙe mu haɗin gwiwa ne. Mu huɗu ne, ni da Ɗanjuma mai shayi da wasu biyu 'yan Oko-Oba, duk wata mu haɗa kuɗi mu ɗauko buhun shinkafa, mu shimfiɗa leda a bayan shago mu raba da gwangwanin derika, nan ba su san tiya ba. Ɗanjuma ne mai awo, yana shafe bakin gwangwanin da hannu kamar mai auna zinare, 'yar wadda ta zube ma sai an tsince. Tumatir kuwa sai yamma nake leƙawa kasuwar Mile 12 wajen 'yan uwanmu, wanda ya ɗan farfashe suke ba ni da sauƙi, uwargida ta markaɗa ta tafasa a daren. Nama sai Juma'a, sauran kwanakin ganda ce ke mana kara.

Amma babban ciwon kai haya ce, nan kuɗin shekara ake ajiyewa lokaci guda, sabon shiga kuma ga na ejen ga na yarjejeniya. Bara da mai gida ya yi ƙari na rasa yadda zan yi na ci bashi a irin manhajar nan ta waya, kai, kada Allah ya maimaita. Na makara da kwana biyar kacal suka bi lambobin wayata kaf suna tura saƙo wai ni ɗan damfara ne, har surukina, ranar na kasa haɗa ido da kowa a masallaci. Tun daga nan na shiga adashi, mu goma, na roƙa aka sa kwasata ta faɗo wata guda kafin haya, zubin kuma da safe nake ware shi kafin in sayi ko koko, don in ya kai azahar a aljihu to ya tafi.

Na Inna ne kawai ban taɓa ba, ko nawa ne sai na tura, sauran 'yan "a taimaka da na kati" kuwa na koyi cewa babu, masu fushi suna yi.

In dai lallai sai ka zo, bar mashin a gida ƙaninka ya riƙa kawo balas, ka zo kai kaɗai bayan Sallah ka kwana a shago wata guda ka gani da idonka. Kafin nan don Allah in direban nan mai kawo shanu zai taso a ba shi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ya taho min da su, ta nan ƙulli ɗaya ko miyar kwana guda ba ya yi.

A gaida Inna da kyau, a shafa min kan yara.

Naka,
Sabi'u Tela