Zuwa ga mahaifiyar da 'yarta ke son karɓar kuɗin darasi

Assalamu alaikum, Hajiya.

A taron iyaye da malamai kin tambaye ni ko ya dace 'yarki mai shekara 16, wadda ke koya wa yara lissafi, ta fara karɓar kuɗi. Amsata ita ce ki bar ta, amma ki sa ido a kan waɗanda za ta karɓa daga hannunsu.

Yaro ya karantar da yaro tsohon abu ne. Tun 1798 Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan inda manyan ɗalibai ke koyar da ƙanana, saboda malami ɗaya ba zai iya da ɗaruruwan yara ba. Kuma mai koyarwar ma yana ƙaruwa. Ranar da wani yaro ya haɗa rabi da sulusi ya rubuta biyu bisa biyar, ya kafe cewa daidai ne, dole 'yarki ta zana da'ira ta yanka ta gida shida, ta nuna masa rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, wato biyar bisa shida. Daga ranar ita kanta ba za ta ƙara mantawa ba. Wannan wahala ce ta gaske, ta cancanci lada. Ko yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1973, ta yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13, muddin bai taɓa lafiya ko karatu ba.

Inda nake jin tsoro shi ne 'yan ajinsu. Idan ƙawar da suke zama benci ɗaya ta koma mai biya, wadda ba ta da kuɗi za ta daina tambaya, ta yi shiru da abin da ba ta gane ba. Wadda ta biya kuwa, wata rana za ta turo littafinta ta ce a yi mata aikin gida kawai, ga kuɗin. Yarinya mai shekara 16 da wuya ta iya cewa a'a. Don haka 'yan ajinsu ta taimake su kyauta, sana'ar ta tsaya kan 'yan ƙananan azuzuwa, kuma da iyayensu za a yi ciniki, a gabanki.

Ki ba ta littafi ta riƙa rubuta wanda ya zo da abin da ya biya. Ki tsare mata barcinta, domin masu shekarunta suna buƙatar awa 8 zuwa 10. Idan sakamakonta ya sauka a ƙarshen zango, a rage ɗaliban.

Ki gaishe min da ita.

Naki,
Malamin lissafi