Sanarwa Kan Tafiyarmu Zuwa Tula a Kan Babura

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Kamar yadda muka amince a zamanmu na baya, za mu yi tafiyar buɗe ido zuwa Tula, garin da ke kan tudu a jihar Gombe, ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda. Za mu haɗu a tashar Dukku da ke cikin garin Gombe da ƙarfe 6:30 na safe, mu bi ta Kumo da Billiri, inda hanya take shimfiɗe tsakanin gonaki, kafin mu yada zango a Kaltungo mu karya kumallo.

Daga Kaltungo ne aikin yake, domin hawan Tula yana da kwana da gangara, kuma duk wanda birkinsa bai kama sosai ba zai wahalar da kansa da sauran jama'a. Saboda haka kowa ya kai babur ɗinsa wurin makanike kafin Juma'a, a duba birki da taya da sarƙa, sannan ya cika tanki tun daga Gombe. Hular kwano wajibi ce, ba za mu ɗaga wa kowa ƙafa ba. Kada a shiga ciyawa da silifas, yankin Kaltungo an san shi da macizai.

Gudummawar abinci naira 5,000 ce, a miƙa wa ma'aji zuwa daren Alhamis.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Naku,
Sakataren rukuni