Na samu aiki, yayar mijina ta hana ruwa gudu

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana.

Raina a ɓace nake rubuto miki, in kin ga magana ta hau kan magana ki yi haƙuri. Ranar Litinin aka ce in fara aiki, jiya da daddare kuma maigidana ya ce bai yarda ba. Shi ne fa da bakinsa ya ce in je in koyi ɗinkin nan.

Maigidana mai neman na kansa ne, ba zan yi masa sharri ba. Achaɓa yake yi lokacin aurenmu. Da aka hana achaɓa a Kano a 2013 sai ya sayar da babur ɗin, ya koma tuƙa adaidaita sahun wani, kullum ya kai balas. A haka muka haifi 'ya'ya biyar, asirinmu a rufe. Da aka cire tallafin mai a 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1,000. Sai ya wuni a titi, in ya cire kuɗin mai da balas, abin da ya rage ba ya sayen kwanon masara. Ƙarshe mai adaidaitar ya karɓe abarsa. Yanzu dako yake yi a Dawanau, yau a samu gobe a rasa.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta zo ta hannun mai unguwa, suna neman iyaye mata marasa ƙarfi. Suka karɓi NIN da hoto, suka koya mana ɗinki a keken wuta irin na kamfani, wanda ba a kaɗa shi da ƙafa kamar Butterfly. Har yadda ake amsa tambaya in an je neman aiki sun koya mana, da zuwa a kan lokaci. Ranar farko allura ta huda mini farce, na naɗe da tsumma na ci gaba, Auta na goye a bayana. Kuɗin mota daga Kurna kuwa, sauran kwanukan aurena na sayar. Kwabo ban tambayi kowa ba.

Cikinmu kaɗan aka zaɓa aka tura wani ƙaramin kamfani a Sharaɗa mai ɗinka kayan makaranta. Albashin bai kai naira 70,000 ɗin da gwamnati ta yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba, amma wata-wata ne, kuma sun ce bayan gwajin wata uku za a ba mu takardar ɗaukar aiki. Hajiya, gidanmu bai taɓa sanin kuɗin ƙarshen wata ba.

Na manta ban gaya miki yadda Yaya, wato yayar maigidana, ta shigo ba. Kamfanin ne ya ce sai an kawo mai tsaya wa mutum, ma'aikacin gwamnati ko mai shago. Mijin Yaya ma'aikaci ne, shi ya sa muka je gidansu. Ko ruwa ba ta ba ni ba. Ta ja ƙaninta ɗaki, ina jiyo ta tana cewa matar aure a kamfani cikin maza, ranar da ta fara kama albashi ta fi ƙarfinka. Ita da take zuwa Kantin Kwari duk mako sarin atamfa, can ɗin mata ne zalla? Ranar da aka koro 'yata daga makaranta a kan kuɗin jarrabawa, ai ta ji, ta yi kunnen uwar shegu. Dama tun ina amarya ba ta ƙaunata, ta fi so ta gan ni a ƙofar gidanta da ƙoƙon bara.

Ɓangaren da za a sa ni ma mata ne kusan duka, kuma ƙarfe huɗu ake tashi. Maƙwabciyata ta yarda ta riƙe Auta ina ba ta wani abu. Duk na faɗa masa, ya yi shiru, ya juya mini baya.

Ƙawata ta ce in kai maganar gun Baffansa, shi kaɗai yake jin nauyi. Ina tsoron ya ce na kai ƙararsa, abin ya taɓa igiyar aurena, ina zan kai yara biyar? In kuma na haƙura, akwai mata a layi suna jira, nan take za a ba wata gurbina. Ko ya yarda ma, wa zai tsaya mini tunda mijin Yaya ya zame?

Wani lokaci sai in ga kamar kunya ce take cinsa, a ce mace ce za ta riƙa awo. Ina jin ana maganar hukumar NDE ta samar da ayyukan yi a rediyo. Suna ɗaukar magidanci da ya haura shekara arba'in, wanda iyakarsa firamare? Yana da hannu a gyaran inji, da kansa yake kwance na adaidaita ya mayar. In akwai inda zai je, ki faɗa a shirin, yana saurarenki.

Taki,
Uwar yara biyar, Kurna, Kano