Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya ƙera wayata

Zuwa ga shugabannin kamfani, reshen Najeriya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na yanke shawarar rubuto muku a bainar jama'a ne saboda jiya na kira layinku na kula da abokan ciniki har sau huɗu, a kira na huɗu aka bar ni ina sauraron kiɗa na tsawon minti 17, sannan aka katse.

Na sayi wayarku a watan Maris kan naira 285,000, da rasit da garantin shekara ɗaya, kuma da ita nake tafiyar da shagona na atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. A daren 9 ga Yuli, ina barci, wayar ta sauke sabon tsarin manhajarta da kanta, ta cinye mini data kusan gigabait 3. Tun daga wayewar garin nan ba ta sake zama daidai ba. Batirin da yake kai ni isha'i yanzu ba ya kai azahar, bayanta kan yi zafi har sai na cire ta daga aljihu, manhajar banki kuwa tana rufewa ana tsakiyar ciniki, mai saye na tsaye yana jiran in tabbatar kuɗinsa sun shigo.

Ranar 15 ga Yuli na kai ta ofishinku na gyara. Ma'aikacin da na tarar ko karɓarta bai yi ba, ya ce da ni, "Alhaji, ai kai ka amince da sharuɗɗa." Ya ce in goge komai in mayar da ita kamar sabuwa. Na bi maganarsa, na rasa hotunan kaya da saƙonnin masu bashi, matsalar kuma tana nan. Da na koma daga baya, sai aka nemi in biya naira 35,000 a sauya batirin da lafiyarsa ƙalau kafin wannan dare.

Maƙwabtana a kasuwa da dama sun kashe sabuntawa gaba ɗaya, alhali sun san ta nan ake toshe kafar ɓarayin intanet, kuma kuɗinsu na cikin wayoyin. Wasu suna kai wa masu gyara a yi musu filashin don komawa tsohon tsari, ku kuma ku ce garanti ya ɓaci. Wace hanya kuka bar mana?

Ina buƙatar ku gyara wayar nan kyauta ko ku sauya mini wata, ku kuma mayar mini da kuɗin datata. Amma maganar ta wuce tawa ni kaɗai, domin abin da nake gani shi ne kun mayar da mu zakaran gwajin dafi: kuna sakin manhajar da ba ku gama gwadawa ba, idan ta yi ɓarna ku sayar mana da magani. Idan ban ji daga gare ku cikin mako biyu ba, zan miƙa rasit da wannan wasiƙa ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Naku,
Mai shagon atamfa, Kaduna